Wa Ya Ba Gwamna? Tarihin Takardar Fili Daga Gwandu da Argungu Zuwa Yau



A cikin wata biyun nan na karanta labarai uku na 'yan uwanmu, kuma a kowannensu akwai mugun ƙanen uba da ya lallaɓa ɗakin mamaci ranar sadakar uku, ya buɗe akwati, ya sace takardun gida. Daga nan gida ya zama nasa, marayu suka koma bin titi. Ban ce ba a zaluntar marayu ba. Ana yi, kuma na gani da idona. Sai dai ba ta wannan hanyar ake yi ba, domin takardar fili ba kuɗi ba ce da duk wanda ta shiga aljihunsa ta zama tasa. Abin da ke faruwa a zahiri ya fi haka ban tsoro, ya kuma fi daɗin labari, amma sai marubuci ya san abin da takardar take faɗa da inda ta samo asali.

Ni ma ban sani ba sai da lalura ta kama gidanmu. Bappana manomin shinkafa ne. Shekarun baya ya so ya faɗaɗa noman rani, ya je wani banki neman rance, suka ce ya kawo jingina. Ya ɗauko takardar gidansa na gefen Birnin Kebbi, wadda aka rubuta da biro tun kafin a haife ni, da dangwalen mai sayarwa, da sunayen shaidu uku, da sa hannun mai unguwa. Ma'aikacin ya juya ta gaba da baya ya ce, "Alhaji, wannan shaidar ciniki ce, ba takardar fili ba ce." Daga ranar na zama ɗan aike, tunda ni ne ɗan bokon gida: wasiƙa daga wurin uban ƙasa, cike fom a ofishin filaye, biyan kuɗin awo, jiran 'yan safiyo su zo su kafa turakun siminti a kusurwoyi huɗu, sai jiran sa hannu. Ranar da takardar da ake kira Si-of-O ta fito, na zauna a zaure ina fassara masa ita layi-layi. Da na zo inda aka ce Gwamna ya ba shi izinin zama a filin na shekara 99, bisa sharaɗin biyan kuɗin ƙasa duk shekara, kuma ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar Gwamna, sai ya ɗaga mini hannu.

"Dakata, ɗana. Gwamna ne ya ba ni? Ni da na saya da kuɗina? To shi wa ya ba shi?"

Ban iya amsa masa a ranar ba. Wannan rubutu shi ne amsar da na tattaro daga baya.

A fara da yadda kakanninmu suka riƙe ƙasa. Manomin Kabi bai san takarda ba, amma ya san hanyoyin da gona ke shiga hannun mutum, kuma kowace da sunanta. Akwai sassabe, wato mutum ya nemi izinin mai gari ya sare daji ya mayar da shi gona. Akwai gado, akwai kyauta, akwai aro, akwai jingina, inda mai bashi zai ci gaba da noma gonar har ranar da aka fanshe ta ko da bayan shekara talatin ne. Akwai gandun gida da kowa ke yi wa aiki, da gayauna ta matashi ko ta mace, da gandun sarauta wanda ke bin rawani ba ya bin jini. Iyaka kuwa gamba ce, ko bini-da-zugu, ko wata giginya da kowa ya sani, sannan da ƙwaƙwalwar dattawa. Idan mutum ya tashi ya bar gari, gonarsa ta zama saura, bayan wasu shekaru mai gari na iya ba wani baƙo.

Fadama kuma ta fi haka sarƙaƙiya, kuma duk wanda ya tashi tsakanin Argungu da Birnin Kebbi ya san abin da nake nufi. Wuri ɗaya ne, amma masu shi uku ne a shekara. Da damina gonar shinkafa ce. In gulbi ya cika ya malala, ruwan da kifin da ke cikinsa suna ƙarƙashin ikon Sarkin Ruwa da Homa da sauran shugabannin masunta, su ke cewa a shiga ko kada a shiga, kamar yadda har yau ake tsare Matan Fada sai ranar su. In ruwa ya janye aka yi girbi, shanun Fulani su biyo burtali su sauka su ci kara da ciyawa, su bar taki. Ba wanda ya ci haƙƙin wani, muddin kowa ya zo a lokacinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. Tun daga nan ƙasar Kabi ta rabu biyu. Ɓangare ɗaya ya shiga ƙarƙashin Gwandu. Ɗayan kuma, bayan an kashe Sarki Karari a 1831 aka yi shekaru ana biyayya, sai ɗansa Yakubu Nabame ya yi tawaye a 1849, Argungu ta ci gaba da cin gashin kanta, ana yaƙi ana sulhu irin na Lafiyar Toga, har zuwan Turawa.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne, a ɓangaren Gwandu ne aka samu rubutacciyar magana kan ƙasa. Malam Abdullahi ya wallafa wani ɗan littafi mai suna Ta'alimur Radi, kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da matacciyar ƙasa, wato dajin da ba mai shi. Abin da ke ciki fiƙihun Malikiyya ne. A wannan mazhaba mutum na samun ƙasa ta hanyar raya ta: ya haƙa rijiya, ko ya yi gini, ko ya dasa itace, ko ya sare daji ya yi noma. In wurin yana kusa da gari sai da izinin shugaba, in yana nesa ba sai an nema ba. Shugaba na iya yanka wa mutum yanki ya ba shi, yana iya keɓe hurumi don amfanin jama'a, kamar makiyaya. Gari yana da haraba ta itace da kiwo wadda ba mai ikon mallake ta shi kaɗai. Akwai kuma hukunci mai nauyi: ƙasar da aka ci da yaƙi ba a raba ta ga mayaƙa kamar ganima, tana zama wakafi ga Musulmi duka, shugaba ne mai kula da ita. A lura, mai kula aka ce. Malaman jihadi sun yi ta sukar sarakunan da ke ƙwace gonakin talakawa ko su sayar da abin da ba nasu ba. Ko magadansu sun kiyaye wannan ko ba su kiyaye ba, wata magana ce daban, amma ƙa'idar a rubuce take.

Wannan hukunci na ƙasar yaƙi shi Turawa suka kama suka juya. A watan Maris na 1903, bayan an ci Sakkwato, Lugga ya tara manyan gari ya yi musu jawabi ta bakin tafinta. Ma'anar abin da ya faɗa ita ce, Fulani sun sami mulki da haraji da iko kan ƙasa ta hanyar yaƙi, yanzu an ci su da yaƙi, don haka duk waɗannan sun koma hannun Ingila, kuma in gwamnati na son fili don wata buƙata za ta ɗauka. Amana ta zama ganima ke nan da jawabi ɗaya.

Ga inda abin ya ɗaure mini kai. Hujjar Lugga ba ta hau kan Argungu ba ko kaɗan. A 1903 Argungu ba ta ƙarƙashin Sakkwato ko Gwandu, balle a ce an gaje ta daga hannunsu. Turawa kuma ba su ci ta da yaƙi ba, Sarkin Kabi Sama'ila maraba ya yi da su, ta garinsa ma suka bi. Duk da haka, da doka ta zo ba ta ware kowa ba.

Dokar ta zo ne a zamanin da ya biyo bayan Lugga. Gwamna Girouard ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 don duba sha'anin ƙasa a Arewa, kuma cikin masu faɗa a ji a kwamitin akwai masu ra'ayin cewa ƙasa ba hajar da mutum ɗaya zai mallaka ba ce. Suka saurari jami'an mulkin mallaka, suka yanke cewa Bahaushe bai san mallakar ƙasa ba, amfani da ita kawai ya sani. Ba a kira manomin Gulma ko na Ambursa an tambaye shi ba. Sakamakon shi ne dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916: duk ƙasar Arewa, mai mutane da marar mutane, tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita don amfanin 'yan ƙasa, kuma abin da kowa zai iya samu shi ne izinin zama. Kalmar da na fassara wa Bappa a zaure, a nan aka haife ta.

Adalci shi ne a faɗi alherinta. Wannan doka na cikin abin da ya hana a yi mana irin ta Kenya da Rodeshiya, inda Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka yanki ƙasa mafi kyau suka mallake. Kamfanin Bature a Arewa haya kawai yake iya samu, mai wa'adi. Turawan ma sun ji daɗin tsarin har suka kwafe shi zuwa Tanganyika a 1923. Kuma ga talakan ƙauye ba abin da ya sauya a idonsa: dagaci ne dai ke ba da daji, alƙali ne dai ke raba gado, En'e ce ke karɓar haraji. Takardar izinin zama ta kantunan Turawa ce da 'yan kasuwa baƙi. Shi ya sa kakanninmu suka rayu suka mutu ba su san an canza wa gonakinsu uba ba.

Bayan 'yancin kai gwamnatin Sardauna ta yi dokar 1962, wadda ta ɗauke ikon daga Gwamna Bature ta ba minista, ta kuma raba izinin gida biyu: na gargajiya, wanda ɗan ƙasa ke riƙe da shi bisa al'ada ba tare da takarda ba, da na hukuma, mai takarda da wa'adi. Sai ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da Dokar Amfani da Ƙasa. Mutanen Kudu suka yi ta kuka an ƙwace musu ƙasar iyaye, domin a can akwai cikakkiyar mallaka kafin lokacin. Mu a nan ba mu ji zafi ba, tunda rigarmu ce ta 1910 aka wanke aka sa wa Najeriya duka. Aka kuma cusa dokar cikin tsarin mulkin 1979, tana nan a na 1999, ta yadda ba a iya taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyara a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya rasu dokar tana nan yadda take.

Ga abin da ta ce a taƙaice. Duk ƙasar jiha tana hannun Gwamna bisa amana. Filin da ke cikin yankin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da izininsa. Na karkara ƙaramar hukuma ke bayarwa, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Wanda doka ta tarar yana zaune ko yana noma a wurinsa, ana ɗaukarsa kamar an riga an ba shi izini. Sayarwa da jingina sai da yardar hukuma, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, cewa ko wanda ya mallaki gidansa tun kafin 1978 bai tsira daga wannan sharaɗi ba. Saboda haka hawa matakin takarda a wurinmu yana nufin tashi daga dangwale zuwa takardar ƙaramar hukuma, daga nan zuwa ta Gwamna. A nan tsanin ya ƙare. Babu wani mataki a sama da za a ce wannan naka ne har abada.

Don a ga cewa ba haka duniya duka take ba, mu leƙa Tailan. Na zaɓe ta ne don manomin Kabi ya san ta ko bai taɓa ganin taswira ba: shinkafarta ce ta cika kasuwanninmu shekara da shekaru, tana cikin wadda aka rufe iyakoki a 2019 don hana shigowarta. Su ma suna da tsani. A ƙarƙashin dokarsu ta 1954, a da manomi na iya farawa da takardar sanar da hukuma cewa yana riƙe da wuri, ya hau zuwa takardar shaidar amfani da ƙasa da suke kira No So 3, wadda ake saye da sayarwa da ita amma ba mallaka ba ce. Daga nan yana iya neman a zo a auna, maƙwabta su sa hannu kan iyaka, a kafa turaku masu lamba, a liƙa sanarwa ta kwana 30 ko akwai mai ja. In ba a samu ba, sai a ba shi canot, takarda mai jan tambari, wadda ita ce cikakkiyar mallaka ba wa'adi. Daga 1984 gwamnatinsu da tallafin Bankin Duniya ta yi shekara ashirin tana bin ƙauyuka tana wannan awo, maimakon ta jira manomi ya zo ofis. Wato manomin da Bappa ke gogayya da shi a kasuwa yana da abin da zai ajiye wa banki, Bappa kuwa sai da ya yi takalmi biyu.

Ban ce mu kwafo nasu ido rufe ba. Gonar da ke da saukin jinginarwa tana da saurin salwanta, kuma shekara ɗaya ta ambaliya ta isa ta raba mutum da gadon kakansa in banki ke riƙe da takarda. Ni a ganina shekara 99 ɗin ma ba ita ce babbar matsala ba, waninmu ba zai gan ta ba. Matsalar tana sashe na 28 da na 29. Gwamna na iya soke izini don buƙatar jama'a, diyyar da za a biya kuwa ta abin da ke kan ƙasa ce, gini ko amfanin gona ko itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba, tunda a idon doka ba taka ba ce tun farko. Mai bene yana samun abin kirki. Mai gonar gero sai a ƙirga masa kan gero na damina ɗaya.

Ba a daɗe ba aka ga inda irin wannan lissafi ke kaiwa. A watan Afrilun 1980, a Bakalori ta ƙasar Talatar Mafara, lokacin duk muna jihar Sakkwato ɗaya, manoman da aikin madatsar ruwa ya raba da gonakinsu suka tare hanyoyi kan batun diyya da rabon gonaki. Aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan na mamata, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Akwai kuma waɗanda ba a taɓa lissafa su cikin masu asara ba, wato manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ambaliyar da shinkafarsu ta dogara da ita ta ragu. Ba a taɓa musu ko taƙi ɗaya na ƙasa ba, ruwan kawai aka riƙe, kuma babu takardar da ta ambaci ruwa.

Wannan ya dawo da mu ga masu fadama uku da na ce ku riƙe. Si-of-O suna ɗaya take ɗauka, kusurwa huɗu ta sani, ba ta san damina da rani ba. Tun da injin ban ruwa ya yawaita, musamman bayan da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, aka kuma buɗe manyan injinan casa a Birnin Kebbi da Argungu, fadama ta daina hutawa da rani. Makiyayin da kakansa ke sauka a wurin ya zo ya tarar da shinkafa kore shar a watan Fabrairu. Shi yana da al'ada, manomi yana da gado, wani na uku kuma yana iya fitowa daga birni da takarda. A tudu ma haka ne. Tun ranar 27 ga Agusta 1991 da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha gari ke cin gonaki, kuma ranar da gona ta faɗa cikin da'irar birni, ikonta ya bar hannun ƙaramar hukuma ko mai ita bai ji labari ba.

To 'yan uwa, in kuna son mugun ƙanen ubanku ya yi kama da na gaske, ku hana shi satar takarda. Ku sa ya riga kowa zuwa ofis, ya nemi Si-of-O da sunansa kan gonar gadon da ba a raba ba, alhali gwaggo da marayu suna ganin gamba ta ishe su shaida. Ko ku sa shi ya karɓi aron gona ya yi shiru shekaru suna tafiya, ya jira dattawan da suka shaida aron su ƙare, sannan ya je gaban alƙali ya yi da'awar hauzi, wato daɗewar riƙo ba tare da mai abu ya yi magana ba, wanda a Malikiyya shekara goma ce tsakanin bare, tsakanin dangi kuwa ya fi haka nesa. Su ma marayun ku ba su makami na gaske. Kotun Ƙoli ta ce a 1990, a shari'ar Ogunleye da Oni, takardar Gwamna ba ta haifar da haƙƙin da babu shi tun asali, in wani ya tabbatar ya riga ka haƙƙi a wurin, takardarka ta zama banza. Matar mamaci na da tumuninta, 'ya mace na da rabonta, abokin tarayya a gado na da shuf'a in aka sayar wa bare. Labarin yana wurin shaidu: wane tsoho ne ya rage da rai, kuma wa ya riga kai masa goro.

Da na koma na ba Bappa wannan tarihi, daga Malam Abdullahi har Obasanjo, ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko gonarmu ta fadama ita ma sai an yi mata irin wannan takarda. Na ce in so samu ne a yi. Ya ce da sunan wa, alhali su bakwai ne a kanta, biyu mata ne suna aure a Argungu, ɗaya yana Kamba, kuma wani Bafulatani da ubansa ya yi amana da kakana har yanzu yana sauke shanunsa a gefenta duk bayan girbi? Na ce akwai hanyar da ake rubuta sunan magada a haɗe. Ya ce Bafulatanin fa? Na yi shiru. Takardar gidan tana banki yanzu. Ta fadamar kuwa har yau ba a fara cike fom ba, bana ma da ruwa ya janye sai da aka kira dattawa biyu suka sake nuna inda gambar take.